Wasan da na ɗana wa Umma

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a gidan Hausawa irin na da ya san abin da hakan yake nufi. Umma ba ta kiran sunana. "Ke" nake, ko "wannan yarinyar", in kuwa da baƙi a ɗaki sai in koma "waccan". Ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta shigar mini faɗa, in na ci kwalliyar salla sai ta kau da kai kamar ta ga suruki. Kunyar ɗan fari ke nan, ta gada daga uwarta, kuma a unguwarmu ta Nasarawa Gwom a nan Jos har yabonta ake yi a kai. Ƙannena kuwa har sunan shagwaɓa take rera musu. Na girma ina gaya wa kaina abin bai dame ni ba, kuma na kusa yarda, sai da wata 'yar unguwar Rikkos ta shigo gidanmu da wasa a wayarta.

Shekarar da na gama sakandare, ina zaman jiran shiga jami'a, na kamu da wasannin labari na bincike. Ga wanda bai san su ba, kamar littafi ne da ake karantawa a waya, sai dai da hotuna. Mutum zai tsaya a gabanka, maganarsa tana fitowa a ƙasa, ka danna ta wuce. Can sai a tsayar da kai a ba ka zaɓi, ka buɗe akwati ko ka bar shi, ka yarda da mai gadi ko ka ƙaryata shi. Abin da ka zaɓa shi ke kai ka ƙarshe, ko ka kama mai laifi ko a ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda ya fi shiga raina na wani ɗan sandan ciki ne da ba ya rabuwa da laima ko ana rana, kuma ba ya jin nauyin kowa. Mai Laima muke ce masa. Da na cinye labaransa kaf sai na gano ashe masoyansa a duniya suna ɗaukarsa su ƙirƙira masa nasu labaran da wata manhaja ta kyauta. Ina da tsohuwar kwamfutar da kawuna ya bar mini, wadda batirinta ya mutu, in aka ɗauke wuta duk abin da ban adana ba ya tafi ke nan. Da ita na fara koyo.

Umma tela ce, a gida take ɗinki. Bayan la'asar Gwaggo, ƙanwar babanmu, takan leƙo, wani lokaci da maƙwabta, a zauna ana hira keke yana ta sukuwa. Wata rana Gwaggo ta ce me nake ta yi wa waya tsaki, na bayyana mata, ta ce in karanta su ji. Daga ranar wasan ya zama na taro. Ni ce baki, in karanta Turancin in juya musu da Hausa, in aka zo zaɓi su yi ta gardama, Umma ce ke yanke hukunci ta danna. Na ji daɗin wannan matsayi ƙwarai. Shi ne karo na farko da Umma take tsayar da keke don ta saurari abin da ke fitowa daga bakina, ko da yake maganar ba tawa ba ce.

Ita kuwa 'yar Rikkos a kasuwar Terminus na tsinto ta da hannuna. Babanta Ibo ne mai shagon zare da zif da maɓallai, wurinsa Umma take aikena. Ranar na tarar da 'yarsa ce a shagon, ta jingina da kanta tana danna waya, na leƙa sai ga Mai Laima. Zaren da aka aike ni saye sai da rana ta yi sanyi ya isa gida. A Jos aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai a wurinta mace da namiji duk "ka" ne. Ita ma tana koyon haɗa wasa, ga shi ta iya zane, abin da ni ko kaza na zana sai an tambaye ni mene ne. Muka ƙulla ƙawance na gaske, wannan ba na musunsa. Ni na kai ta gidanmu, ni na ce ta gaida Umma.

Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Mama, ina wuni, yaya aiki, ka gaji ko?"

Na jira Umma ta gyara mata, don ni ko harafi na karkatar sai an tanka. Umma ta washe baki ta ce, "Lafiya lau 'yata, zauna mana." Kalmar da ban taɓa jin ta jefo mini ba, ta miƙa wa baƙuwa tun kafin ta cire takalmi.

Ni na riga ta gama wasa. Na kai Mai Laima wani tsohon gida na zamanin haƙar kuza, a bayan gari tsakanin duwatsu, aka tsinci gawar direba a cikin rijiya. Na zuba masa duk abin da na koya daga wasannin waje. Kafin ka kama mai laifi dole ka buɗe jakar baƙo ba da saninsa ba, ka shiga ɗakin maigida yana masallaci, sannan ka tsaya a gaban shi maigidan, dattijo mai furfura, ka ce masa ƙarya yake yi. Na rubuta shi da Hausa tsantsa, na yi wa kowace jimla kwalliya. Ranar da zan nuna musu ko abincin rana ban iya ci ba.

Aka zo zaɓin farko, a buɗe jakar baƙo ko a bar ta. Umma ta ce, "Jakar baƙo? A gidan wa?" Ta danna a bar ta. Aka zo ɗakin maigida, Gwaggo ta ce subhanallahi, Umma ta danna a wuce. Aka zo gaban dattijo, zaɓi ya fito, a ce masa ya yi ƙarya ko a ba shi haƙuri a fita. Ko tunani ba ta yi ba. Wasan ya ƙare a nan, aka ɗaure mai dafa abinci da bai san hawa ba bai san sauka ba, mai laifi ya tsere.

Na ce, "Umma, ai sai an tuhume shi za a gano gaskiya. A sake."

Ba ta kalle ni ba. Ta ce wa Gwaggo, "Wannan mai laimar yau ba shi da tarbiyya." Ta ɗora ƙafa a kan keke ta ci gaba da ɗinkinta. Na sake kawo wasan washegari da jibi, hanya ɗaya take bi, ƙarshe ɗaya take samu, har ta ce a koma na Turawan. Ba ta taɓa ganin ƙarshen da na ɓata makonni ina gina mata ba.

Sai ƙawata ta gama nata. Da Turanci da ɗan burokin ta rubuta, ta roƙe ni in juya mata shi Hausa saboda Mama. Na karɓa ina shan ƙamshi, a raina ina cewa bari mu ga abin da 'yar mai zare za ta iya. Babu gawa a ciki, babu rijiya. Mai Laima ne ya kama hayar ɗaki a wani gidan haya a Rikkos, aka wayi gari an yanke gefen atamfar da wata mata ta shanya. Shi ke nan laifin. Amma hanyar gano shi ce ta tsaya mini a wuya. Ba ka tuhumar kowa. Za ka gaida tsohuwar gidan, in ka gaishe ta a tsaye ba za ta ce maka komai ba, in ka zauna ka taya ta tsince wake sai ta fara zance. Za ka kai wa maƙwabci abinci ka dawo karɓar kwano, a nan za ka ga abin da ke bayan ƙofarsa. In ka gane wadda ta yi laifin ma ba a gaban jama'a za ka faɗa ba, sai ka bi ta wurin yayarta. Na tambaye ta ina ta samo wannan. Ta ce, "A shago mana. Matanku ba ya tambayan abu kai tsaye. Sai ya gaishe ka, ya zagaya, ya zagaya, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi."

Na ji kamar ta watsa mini ruwan sanyi. Ni da aka haifa a ɗakin, na je na kwaso ɗabi'ar wasu mutane can na ajiye wa uwata, ita kuma daga bayan kanta ta karance ta tsaf. Na juya mata wasan, kuma na juya shi da kyau, don ba zan iya ganin Hausa a karkace in ƙyale ba ko da ta maƙiyi ce. Ina yi ina cizon yatsa.

Ranar da aka buga shi keken Umma bai motsa ba. Duk zaɓin da zuciyarta ta ba ta shi ne daidai. Ta gaida tsohuwa, ta tsince wake, ta kai abinci, ta kama mai laifi tun ba a kira magariba ba, ta tafa hannu kamar yarinya. Ni ce mai karantawa, da bakina na yi ta zuba mata labarin wata tana lumshe ido. Akwai wata magana da tsohuwar cikin wasan ta yi wadda ta sa Gwaggo dariya har da hawaye, kuma wallahi babu ita a Turancin, ni na ƙara ta. Umma ta dafa kafaɗar ƙawata ta ce, "Kai, 'yata, Allah ya yi miki kai. Ji Hausa kamar a bakin kakata."

Ƙawata ba ta ci amanata ba. Ta nuna ni ta ce, "Mama, shi ne ya gyara Hausan fa, ni ban iya haka ba."

Umma ta ce, "Uhm." Ta miƙe ta zuba mata dankali da ƙwai a kwanon da ake ajiye wa baƙi na musamman.

Kishi na ji, kishi mai ɗaci, ba wani suna da zan sa masa. Abin haushin ma ba ni da inda zan kai ƙara. Yarinyar ba ta yi mini komai ba sai alheri, in na sha kunu ita ce mai lallashina, in wuta ta cinye mini aiki ita ce mai taya ni tsaki. Da muguwa ce da na huta. Ta zama 'yar gida, duk ranar da ba ta zo ba sai Umma ta ce, "Ke, 'yata ta Rikkos lafiya kuwa?" Ta ɗinka mata riga da ragowar yadi, ta yi mata aiki a wuya irin wanda sai da salla nake gani. Matan unguwa suka fara aiko yara da waya a tura musu wasan atamfa. Ni kuwa nawa yana kwance a kwamfuta da gawarsa a rijiya, ba mai tambayarsa. Na san al'ada ce ta ɗaure wa Umma baki, an sha gaya mini 'yar fari a zuciya ake son ta. To ni na gaji da zama a zuciya, a kunne nake so in ji, ko sau ɗaya.

Da damina ta kama na zauna na fara wasa na biyu, kuma wannan karon na san wa nake rubuta wa. Na bi hanyar ƙawata sak, ban ji kunyar kwaikwayonta ba. Gidan biki ne, an wayi gari an ƙona mayafin uwar ango da dutsen guga, aka ɗora wa wata yarinya. Na mayar da Mai Laima ɗan rakiya kawai, mai danna wasan kuma a matsayin uwar yarinyar zai shiga, yarinyar kuwa 'yar farinta. Duk hanyar ladabi ce, gaisuwa da kai abinci da zama da tsofaffi, har uwar ta tattara hujja ta gane wanda ya yi ɓarnar. Sai a ƙarshe manya su taru a tsakar gida za a yanke hukunci, kuma babu mai faɗin gaskiya in ba ita ba. Zaɓi biyu na ajiye. Na farko, ta yi shiru ta bar wa manya, a kori yarinyar daga gidan biki da sunan mai ɓarna. Na biyu, ta miƙe a gaban kowa ta ce, "'Yata ce, ni na haife ta, na san halinta, ba ita ba ce." Ban bar wata ƙofa ta uku ba.

Ƙawata ce ta zana mini hotunan, don ba ni da wani mai zane. Da ta gwada wasan ta kai ƙarshe sai ta ajiye wayar ta dube ni.

Ta ce, "Wannan ba wasa ba ne, tarko ne ka ɗana wa Mama."

Na ce, "Wasa ne. In ba ta so ta danna na farko."

"In ya danna na farko fa? Za ka iya ɗauka?"

Na ce mata ta ji da zanenta. Amma tambayar ta bi ni har gida. Na riga na ga yadda Umma take barin a ɗaure marar laifi a kan ta ɗaga wa dattijo murya. Babu abin da zai hana ta yi wa 'yar cikin waya haka, ni kuma ina zaune a gefenta ina karantawa.

Ranar da muka buga shi hadari ya haɗu tun azahar. Gwaggo ta zo, ƙawata ta sauka daga keke napep da gudu ruwa na fara sauka. Muka shige ɗakin ɗinki, Umma ta karɓi wayar, na zauna inda na saba, kusa da kafaɗarta ina leƙen rubutun. Tun daga farko wasan ya kama ta. Ta gaida uwar ango yadda ya kamata, ta ƙi yarda da maganar mai kitso, ta lura da wanda ya nemi gawayi da safe. Gwaggo ta zargi mutum uku a banza, Umma tana ce mata ta dakata. Har dariya ta yi a wuri biyu, ta ce wa ƙawata zanen uwar ango ya yi kama da wata da ta sani. Ni dai ba a ce mini komai ba, amma keke yana tsaye, kuma wasana ne a hannunta.

Aka zo tsakar gida, manya suka taru, zaɓi ya fito. Na karanta na farko. Na karanta na biyu da muryar da na yi ƙoƙarin daidaitawa, kamar ba ni na rubuta ba.

Ruwa yana ta dukan kwanon rufi. Gwaggo ce ta fara ganewa. Ta dube ni ta dubi Umma, ta kama haɓa ta ce, "Lallai yarinyar nan, idonki ya bushe."

Umma ta daɗe tana kallon wayar, yatsanta yana sama bai sauka ba. Na ga kunnenta ya yi ja. Ta ajiye wayar a kan cinyarta, ta ɗauki wani ƙyalle ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. Na fara da-na-sanin abin da na haɗa, don na ga na matse ta a lungu a gaban ƙanwar mijinta da baƙuwa. Na buɗe baki zan ce a bar shi sai gobe.

Sai ta ɗauki wayar ta miƙa wa ƙawata. Ta ce, "'Yata, hannuna da man keke. Danna mini na biyun."

Babu ɗigon mai a hannunta, tun la'asar ba ta taɓa keken ba. Ƙawata ta karɓa da hannu biyu, ta saci kallona, ta danna. Har yau in na tuna sai na ji haushin yatsan nan. Na yi wata da watanni ina gina wannan wuri don yatsan Umma, sai ga shi wanda ya danna na wadda aka kira 'yata ne, a daidai lokacin, a gabana.

Uwar cikin wasan ta miƙe tsaye, maganarta ta fito a ƙasan hoton. Sai a lokacin na tuna abin da na manta da shi duk tsawon shirin da na yi, wato ni ce mai karantawa. Umma ta riga ta juya ga kekenta tana neman ramin allura da zare, ta ba mu baya. Ba wanda zai faɗi maganar sai ni. Na karɓi wayar, na karanta wa kaina da bakina, "'Yata ce, ni na haife ta, na san halinta, ba ita ba ce." Muryata ta karye a tsakiya, ƙarshen ma da ƙyar ya fita.

Umma ba ta waiwayo ba. Zaren yana hannunta, ya ƙi shiga allurar. Ta ce, "Ke, ruwan nan ya hana ni ji. Ɗaga murya ki sake karantawa."